Yadda ƙungiyar fasaha da al'adu za ta tsare haƙƙin mallaka da bayanan mutane

Wannan jagora na kamfanonin shirya fim ne, da ƙungiyoyin marubuta, da 'yan wasan daɓe, da masu sutudiyo, da gidajen adana kayan tarihi, da masu shirya bukukuwan al'adu a Najeriya. Dokoki biyu ne ke kan duk wanda yake wannan aiki. Ta farko ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da aka daɗe ana aiki da ita tun 1988. Ta biyu ita ce Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023. Hukumar da ke kula da ta farko ita ce Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC. A lura, ba hukumar sadarwa ba ce, haruffan taƙaita sunansu ne kawai suka zo ɗaya. Ta biyun kuwa Hukumar Kare Bayanan Mutane ta Najeriya, wato NDPC, ce ke riƙe da ita.

Dokokin biyu tambaya ɗaya suke yi muku ta fuska biyu. Wannan waƙar ko hoton ko lambar wayar da ke hannunku, na wane ne, wa ya ba ku izini, don wane aiki, zuwa yaushe? Amsar kuma ana son ta kasance a takarda, kuma lokacin da ya fi sauƙi a samu takardar shi ne kafin a kunna kyamara ko a biya kuɗi. Bayan aiki ya fita ya samu karɓuwa, sa hannun da za a samu kyauta jiya sai ya koma ciniki.

Mataki na farko: ku rubuta abin da ke hannunku

Ku buɗe rajista ɗaya, a littafi mai ƙarfin bango ko a shafin Excel. Kowane aiki ya samu layinsa, da gurabe takwas: sunan aikin, irinsa, wanda ya ƙirƙira, shekarar da aka yi shi, shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a, wanda ke da haƙƙin a yau, inda takardar shaidar hakan take, da abin da aka yarda ku yi da shi. Duk gurbin da ba ku da amsarsa ku bar shi fanko, kada ku cike da zato. Guraben da suka zauna fanko su ne jerin aikin da ke gabanku.

Ku fara da abin da ke kawo kuɗi ko abin da kuke shirin ɗorawa a intanet. Tsofaffin kaset da hotunan da ke cikin akwati su biyo baya.

Mataki na biyu: ku gane mai haƙƙi na gaskiya

A nan ne mafi yawan rigingimu suke tsirowa, don haka a tsaya a fahimce shi sosai. Asalin doka shi ne haƙƙi na wanda ya ƙirƙiri aikin ne, sai fa in akwai yarjejeniyar da ta ce wani abu dabam. Biyan kuɗi shi kaɗai ba ya mayar da haƙƙi hannun wanda ya biya. Furodusa ya ba marubuci kafin alƙalami, ya cika masa ragowar bayan an kawo labari, ba a rubuta komai ba. Mafi yawan abin da zai iya kafa hujja da shi shi ne an ba shi izinin yin wannan fim ɗin. Ranar da ya so ya ci gaba da zango na biyu da wani marubuci, ko ya mayar da labarin littafi, ko ya sayar wa gidan talabijin damar sake shirya shi, sai ya tarar ba shi da takardar da ta ba shi wannan iko. Haka yake ga mai ɗaukar hoton da aka gayyata bikin ƙungiya, da mai zanen fasta, da wanda ya tsara tambarin ƙungiya. Har ma'aikacin da kuke biya albashi, ku sa sharaɗin mallakar abin da ya ƙirƙira a bakin aiki cikin takardar ɗaukarsa. 'Yan sa-kai sun fi kowa buƙatar wannan takarda, domin su ba albashi ba kwantiragi, babu abin da ya ɗaure aikinsu da ƙungiyar. Inda doka ta bambanta shi ne aikin da aka yi a ƙarƙashin umarni ko kulawar gwamnati ko ma'aikatarta: wannan na gwamnati ne in ba a yi wata yarjejeniya ba. Ƙungiyar da ke karɓar kwangilar shirin wayar da kai daga ma'aikata ta san da wannan tun kafin ta sa hannu.

Sannan aiki ɗaya yakan ƙunshi haƙƙoƙi da yawa a jere. Waƙar fim guda ɗaya tana da wanda ya rubuta baitoci, da wanda ya tsara kiɗa, da waɗanda suka rera, da kuma naɗin da aka yi a sutudiyo, wanda shi ma aiki ne mai haƙƙinsa na kansa. A fim, doka ta ɗauki wanda ya yi tanadin shirya shi a matsayin mai shi in ba a rubuta saɓanin haka ba, amma wannan bai haɗiye haƙƙin marubucin labari ko na mawaƙi a kan abin da suka kawo ba. 'Yan wasa da makaɗa da masu rawa su ma suna da haƙƙin wasansu, wanda ya ba su ikon yarda ko ƙin yarda a naɗi wasan, a yaɗa shi, ko a ɗora shi a intanet. Idan mutum ɗaya cikin wannan jeri bai sa hannu ba, shi kaɗai ya isa ya sa a sauke bidiyonku daga YouTube.

Gidajen tarihi da ɗakunan karatu su kula da wani abu: mallakar abu dabam, mallakar haƙƙinsa dabam. Iyalin da suka ba ku kyautar akwatin hotuna ko rubutun mahaifinsu, takardun suka ba ku. Ikon bugawa da sayarwa yana nan wurin mai haƙƙi ko magadansa, domin haƙƙin mallaka dukiya ce da ake gado kamar kowace dukiya. Don haka takardar karɓar kyauta ta kasance da sashe biyu, na kayan da na haƙƙin, kuma wanda ya sa hannu ya zo da shaidar cewa sauran magada sun wakilta shi.

Mataki na uku: takardar yarjejeniya

Hanya biyu ce. Ko a sallama muku haƙƙin gaba ɗaya, ko a ba ku lasisi, wato izinin amfani. Bambancinsu kamar na sayen gida da kama haya ne: mai haya yana zaune ciki bisa sharaɗi da wa'adi, gidan kuwa na mai shi ne. Doka ta ce sallamawa da lasisin da ya keɓe ku ku kaɗai ba sa aiki sai a rubuce. Izinin da bai keɓe kowa ba ne kawai ake iya bayarwa da baki, ko a fahimce shi daga yadda aka yi mu'amala, kuma shi ne mafi rauni a gaban alƙali.

Ba sai takardar ta yi tsawo ba, shafi ɗaya ko biyu ya isa, kuma babu laifi a rubuta ta da Hausa in ita ce kowa ya fi fahimta. Ta ƙunshi cikakken sunan ɓangarorin biyu da sunan aikin. Ta fayyace sallamawa ce ko lasisi. Ta lissafa hanyoyin amfani ɗaya bayan ɗaya: sinima, talabijin, rediyo, YouTube da sauran dandalin intanet, bugu a takarda, karantawa a murya, fassara, yanka gajerun bidiyo don talla. Ta faɗi ƙasashen da izinin ya shafa da tsawon shekarunsa. Ta faɗi kuɗi, ko dunƙule ne ko kaso cikin ɗari, kason kuma na kuɗin da ya shigo ne ko na ribar da ta rage bayan an cire ɗawainiya, da watan da za a riƙa yin lissafi. Wannan gaɓa ta kaso ita ce ke raba abokai, domin kowa yakan tashi daga zaman da tasa fahimtar. Ta ƙunshi furucin mai aikin cewa nasa ne, bai kwaso daga wani wuri ba. A ƙarshe sa hannu, da kwanan wata, da shaidu biyu. Kowane ɓangare ya riƙe kwafi, a kuma ɗauki hotonta a adana.

Akwai haƙƙin da ba ya sayuwa muddin mai shi yana raye: a ambaci sunansa a kan aikinsa, kuma kada a jirkita aikin ta yadda zai zubar masa da mutunci. Ko kun sayi labari ɗungurungum, ba ku da ikon cire sunan marubucin ku sa na wani. Wannan ɗabi'a ta cire suna tana cutar da matasan marubuta ƙwarai, kuma ƙungiyar da ke kiran kanta ta fasaha bai kamata a same ta da ita ba.

Mataki na huɗu: kafin ku taɓa kayan wani

Da farko ku lissafa wa'adi. Rubutu da waƙa da zane suna da kariya tsawon ran mai su, da ƙarin shekara 70 daga ƙarshen shekarar da ya rasu. Fim da hoton kyamara da naɗin sauti shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da su, shirin rediyo ko talabijin shi ma 50 daga shekarar da aka fara watsa shi. Misali, Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, saboda haka waƙoƙinsa suna cikin kariya har ƙarshen 2069, kuma magadansa ake nema. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, nasa wa'adin sai ƙarshen 2051. Waƙoƙin malaman ƙarni na 19 irin su Nana Asma'u sun daɗe da fita daga wa'adi, amma fassarar da wani masani ya yi musu a zamaninmu, da sharhinsa, aikinsa ne mai kariya. In marubuta biyu ne suka haɗu a aiki, daga rasuwar na ƙarshensu ake ƙirgawa.

Kayan gargajiya suna da nasu babi, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. Tatsuniya, kacici-kacici, waƙoƙin daka da na gaɗa, raye-raye, da zane-zanen sana'o'in hannu ba su da mutum ɗaya da za a ce shi ya ƙirƙira, amma ba a bar su sakaka ba. Doka ta kare su daga a kwafa ko a yaɗa ko a sauya su don kasuwanci, ko a fitar da su daga muhallinsu na al'ada, kuma ta ɗora ikon ba da izini a hannun NCC. An keɓe amfani don koyarwa da amfanin kai. Duk inda aka buga ko aka nuna su a fili, dole a ambaci al'umma ko garin da aka samo su. A aikace, ku rubuta wa hukumar kafin ku fitar da kundin da za a sayar, ku kuma je wa masu abin ta hannun shugabanninsu, sarkin makaɗa ne ko magajiya ko mai unguwa. Matan da suka rera muku waƙar daka kuwa, ko da waƙar ta gargajiya ce, muryar da wasan nasu ne, sai da izininsu.

Doka ta yarda a ɗebi wani abu daga aikin wani ba tare da izini ba a wasu wurare: nazari da binciken da ba na kasuwanci ba, sharhi da suka, rahoton labarai, da kwaikwayo na barkwanci. Ana auna abu huɗu: manufar amfanin, irin aikin, yawan abin da aka ɗeba da muhimmancinsa, da illar da zai yi wa kasuwar mai shi. Babu wani adadin daƙiƙoƙi ko shafuka da doka ta halatta, maganar da ake yi cewa daƙiƙa talatin ba komai ba ta da tushe. Rubuta “ba ni da haƙƙin wannan waƙa” a ƙasan bidiyo ba izini ba ne, amsa laifi ne da hannunka. Karanta littafin marubuciya daga farko zuwa ƙarshe a tashar YouTube, ko raba shi a zauren WhatsApp, ko mayar da fim ɗin wata ƙasa Hausa, duka suna buƙatar izinin mai shi, ko an ambaci sunansa ko ba a ambata ba. Ɗakunan karatu da gidajen tarihi an ba su damar yin kwafi don adana abin da ke neman lalacewa, amma damar adanawa ba ta ɗorawa a intanet ga kowa ba ce.

Hoton da aka samo ta Google yana da mai shi. Ku nemi masu lasisin Creative Commons, wanda mai aiki ke ba kowa izinin amfani da shi bisa sharaɗi, ku karanta haruffan da ke jiki: BY na nufin a ambaci mai shi, NC na nufin ban da kasuwanci, SA na nufin abin da kuka gina a kai shi ma ku sake shi da irin wannan lasisi. Ku ɗauki hoton shafin da ke nuna lasisin a ranar da kuka sauke, domin shafi yana iya ɓacewa.

In kuna da zaure ko wurin biki da ake sa kiɗa ko nuna fim ga jama'a, lasisi ake karɓa daga ƙungiyoyin da ke tattara wa masu fasaha haƙƙinsu: MCSN a ɓangaren kiɗa da waƙa, AVRS a ɓangaren fim, REPRONIG a ɓangaren kwafin littattafai. Kafin ku biya kowa, ku tabbatar daga NCC cewa amincewarta da shi tana nan daram, ku kuma karɓi rasit.

Mataki na biyar: ku tanadi hujjar naku

Haƙƙi yana tabbata ne da zarar an ƙirƙiri aikin an kuma sa shi a wani abu da za a iya gani ko ji, takarda ko fayil ko naɗi. Ba sai an yi rajista ba. Tunanin da ke cikin kai ba shi da kariya, don haka labarin da aka ba furodusa da baki a majalisa yana da wuyar karewa. A rubuta shi tukuna. 'Yan wasan daɓe da ke ƙirƙira a wurin atisaye su riƙa naɗa ko da da waya ne.

Duk da haka rajista da NCC tana da amfani, ana yin ta ta intanet, kuma takardar da za a ba ku hujja ce mai ƙarfi in an je kotu. Ku yi wa manyan ayyukanku kafin su fita. Kada ku ruɗu da wasu takardun: shaidar hukumar tace fina-finai ta jiha ko ta tarayya izinin nunawa ce, rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta sunan kamfani ce, lambar ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ta tantance bugu ce. Babu ɗayansu da ke tabbatar da mallakar haƙƙi. Suna da tambarin ƙungiya kuma a ofishin rajistar alamun kasuwanci ake kare su. Ku adana daftarin farko, da asalin fayilolin kyamara, da fayilolin sutudiyo kafin a haɗa, a wuri uku: kwamfutar aiki, da ma'ajiyar waje da ke wani gini dabam, da ma'ajiyar intanet. Ɓarawon fasaha yana da fim ɗin da aka gama, ba shi da ɗanyen ɗauka.

Mataki na shida: bayanan mutane

Bayanan mutum su ne duk abin da za a iya gane shi da shi: suna, lambar waya, adireshi, hoto, murya, lambar asusun banki, lambar NIN. Ƙungiyar al'adu tana tara su fiye da yadda take zato, a fom ɗin tantance 'yan wasa, da rajistar mambobi, da takardar sa hannun mahalarta taro, da jerin masu sayen tikiti, da hirarrakin tarihin baka. Ku buɗe rajista ta biyu: wane bayani, na su wa, don me aka karɓa, ina yake, wa ke iya gani, yaushe za a goge.

Kowane amfani sai da dalilin da doka ta yarda da shi. Guda shida ne: yardar mutum, cika kwantiragi, wajibin doka, ceton rai, maslahar jama'a, da halastacciyar buƙatar ƙungiya wadda ba ta danne haƙƙin mutumin ba. Ba komai ne ke buƙatar fom ɗin yarda ba. Lambar asusun jarumin da za ku biya, kwantiragi ya wadatar. Amma tura wa wanda ya sayi tikiti tallar wani bikin, ko ba mai ɗaukar nauyi jerin mahalarta da lambobinsu, wannan sabuwar manufa ce, sai an tambaye su. In mai ba da tallafi ya nemi shaidar halarta, ku faɗa wa mutane a saman takardar tun kafin su rubuta suna, ko ku ba shi adadi kawai.

Yarda sai ta kasance a sarari. Shiru ba yarda ba ne, kuma nauyin tabbatar da cewa an yarda a kanku yake. Ana iya bayar da ita a rubuce, ko da baki, ko ta na'ura. Ga dattijon da ba ya karatun boko, ku karanta masa bayanin da harshensa, ku naɗi amsarsa a farkon hirar: sunan ƙungiya, abin da za a yi da naɗin, inda za a sa shi, ko za a ambaci sunansa, da yadda zai same ku in ya sauya ra'ayi. Ku raba tambayoyin, kada ku dunƙule. Mutum yana iya yarda a ajiye hirarsa don masu bincike, ya ƙi yarda a sa ta a Facebook. Fom ɗaya yana iya ɗaukar izinin haƙƙin mallaka da yardar amfani da bayanai, amma a sashe biyu da sa hannu biyu, domin yardar bayanai ana iya janye ta a kowane lokaci, kuma dole janyewar ta yi sauƙi kamar bayarwar.

Wasu bayanan doka ta ƙara musu tsaro: lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa, rayuwar jima'i, zama ɗan ƙungiyar ƙwadago, da zanen yatsa da makamantansa. Hirar tarihin baka tana cike da su, kuma sau da yawa a kan mutanen da ba sa wurin: wanda ake cewa asalinsu bayi ne, wadda miji ya sake ta saboda wata lalura, wanda ya yi wani abu a lokacin rikici. Kafin a saki irin wannan naɗi, mutum biyu su saurare shi, su rubuta mintin da irin wannan magana ta fito, a toshe sunan ko a rufe wannan sashe zuwa wasu shekaru. Asalin naɗin a bar shi yadda yake a ma'ajiya. Doka ta yi sassauci ga abin da aka wallafa don maslahar jama'a ta fuskar jarida, ilimi, fasaha da adabi, amma sassaucin bai ɗauke wajibin samun halastaccen dalili da tsare bayanai da kai rahoton ɓarna ba, kuma bai shafi jerin mambobi ko na masu tikiti ba ko kaɗan.

Yaron da bai kai shekara 18 ba, mahaifi ko waliyyi ne ke ba da yarda. Izinin shugaban makaranta na shiga harabar ba ya maye gurbin wannan. Ku aika fom gida mako ɗaya kafin ranar, waɗanda ba a dawo da nasu ba a zaunar da su inda kyamara ba ta kaiwa. Kada a haɗa hoton yaro da cikakken sunansa da sunan makarantarsa a wuri ɗaya. Almajirai da yaran sansanin gudun hijira su ne aka fi ɗauka ba tambaya, alhali su ne suka fi buƙatar a kiyaye.

A wurin taro, ku liƙa sanarwa a ƙofa cewa ana ɗaukar hoto da bidiyo, mai gabatarwa ya maimaita da baki, a ware layin kujeru ga waɗanda ba sa so. Hoton taron jama'a daga nesa dabam yake da kusanto fuskar mace ɗaya a sa a fasta. Na biyun sai an tambaye ta.

Mataki na bakwai: ajiya da gogewa

Ku karɓi abin da kuke buƙata kawai. Fom ɗin tantance 'yan wasa ba ya buƙatar NIN ko hoton katin shaida, sai wanda aka ɗauka za a nemi bayanan biyansa. Waɗanda ba a ɗauka ba, shawara ita ce a goge nasu bayan wata shida, sai wanda ya yarda a ajiye shi don wani aikin.

Yawancin yoyon bayanai daga ƙananan abubuwa yake. Zauren WhatsApp yana nuna wa kowa lambar kowa, don haka kada a zuba 'yan matan da suka zo tantancewa cikin zaure ɗaya da baƙi, a yi amfani da jerin aika saƙo na bai-ɗaya wanda ba ya nuna lambobi. A imel, a sa adireshi a gurbin BCC, wanda ke ɓoye adireshin kowa daga sauran. Fom ɗin Google a duba kada a bar shafin amsoshi a buɗe ga duk mai mahaɗin. Shafukan ƙungiya da tashar YouTube a buɗe su da imel ɗin ƙungiya, da masu kula aƙalla biyu, da tabbatarwa mai mataki biyu. Tashar da aka buɗe da imel ɗin wani yaron ofis, ranar da ya yi fushi ya tafi da ita ya tafi. Duk wanda ya bar aiki, a sauya kalmomin sirri a ranar. Kwamfutar tace hoto da za a kai gyara a cire ma'ajiyarta tukuna. Fom na takarda a sa a kabad mai makulli, in wa'adinsa ya cika a ƙone, kada ya ƙare a hannun mai ƙosai.

Ku naɗa mutum ɗaya da zai riƙa amsa buƙatun jama'a, domin kowa yana da ikon ya tambayi abin da kuka riƙe a kansa, ya sa a gyara, ko ya nemi a goge. Ƙungiyoyin da doka ta kira masu muhimmanci wajibi ne su yi rajista da NDPC su kuma naɗa jami'in kare bayanai. Ma'aunin da hukumar ta sa a mataki mafi ƙanƙanta shi ne sarrafa bayanan mutum fiye da 200 cikin wata shida, adadin da bikin kwana biyu zai iya wucewa, kodayake akwai rukunonin da aka keɓe. Ku rubuta wa hukumar ku nemi matsayinku, ku ajiye amsar. Tara tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga masu muhimmanci. Ga sauran kuwa naira miliyan 2 ne ko kashi 2 ɗin.

Mataki na takwas: idan abu ya ɓaci

In an saci aikinku, ku fara da tara hujja kafin ku yi magana: hoton shafin, mahaɗinsa, kwanan wata, yawan masu kallo, da kwafin abin da aka ɗora. In a shagon masu tura fim a waya ne, a aika wani ya saya ya riƙe shaida. Sannan ku cike fom ɗin ƙorafin haƙƙin mallaka na dandalin. Dokar 2022 ta wajabta wa masu ba da hidimar intanet su sauke abu in an kai musu rubutaccen ƙorafi mai ɗauke da sa hannu, da bayanin aikin, da inda kwafin yake, da yadda za a same ku. Kada ku kai ƙorafi kan abin da ba ku da takardarsa, domin wanda aka kai ƙara yana da damar mayar da martani, kuma ƙorafin ƙarya yana jawo biyan diyya. In abin ya ci gaba, a kai wa NCC, wadda ke da ikon bincike da kama kaya, ko a shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya, ita ce ke da hurumin shari'ar haƙƙin mallaka. In ku aka kai wa ƙorafi a YouTube, kada ku yi sakaci: gargaɗi uku cikin kwana 90 yana rufe tasha da duk abin da ke cikinta.

In bayanai ne suka fita, ko an sace wayar sakatare, ko an kutsa imel, ko an tura jerin sunaye inda bai dace ba, agogo ya fara bugawa daga lokacin da kuka sani. A sa'o'in farko ku sauya kalmomin sirri, ku fitar da na'urar daga asusun, ku rubuta abin da ya fita da adadin mutanen da ya shafa. In akwai yiwuwar cutarwa, doka ta ba ku sa'a 72 ku sanar da NDPC. In haɗarin babba ne, kamar bayanan banki ko hotunan da za a iya yi wa mutum barazana da su, ku sanar da mutanen nan take, da harshe mai sauƙi, tare da abin da za su yi don kare kansu. Ko ƙaramin abu ne da bai kai a kai rahoto ba, a rubuta shi a rajista.

Masu aiki da abokan hulɗa a Maraɗi ko Damagaram ko Kumasi su tuna cewa kowace ƙasa da dokarta. Najeriya da Nijar da Gana duka suna cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, don haka aikinku yana da kariya a can ba tare da sabuwar rajista ba, amma hukumomin can ake bi, a Nijar BNDA ce ta haƙƙin mallaka, HAPDP kuma ta bayanan mutane. Tura bayanan mutane zuwa wata ƙasa, har da mai ba da tallafi a Turai, yana da sharuɗɗansa a dokar 2023, don haka a ambace shi a fom ɗin yarda tun farko, a kuma rubuta a yarjejeniyar haɗin gwiwa dokar ƙasar da za a bi in saɓani ya taso.